Kafin Ɗan Wasa Ya Shiga Fage

Mutanen Maradun, da na Talata Mafara, da na Bakura, da duk wanda muryar nan ta iske a gona ko a shago ko a bisa hanya, ina gaishe ku. Sharhinmu na yau a kan 'yan wasa ne, amma ba a kan abin da suke yi a gaban jama'a ba. Za mu yi magana a kan ɗan lokacin nan da ke gabanin fitowa, sa'ad da ɗan kallo ke neman wurin zama yana cinikin rake, shi kuwa ɗan wasa yana can bayan zana ko bayan labule, cikinsa ya ɗuri ruwa, yana 'yan shirye-shiryen da ba ya son kowa ya gani.

Wanda bai taɓa tsayawa gaban taro ba, da wuya ya gane wannan hali. Miyau ya ƙafe, gwiwa ta yi sanyi, tafin hannu ya jiƙe, maganar da ka kwana kana bita ta bi iska. Likitoci sun ce jiki ne ke sakin wani sinadari mai suna adiranalin, wanda ke sa zuciya bugawa da sauri don mutum ya yi faɗa ko ya ranta a na kare. Abin kuma ba ya barin mutum don ya tsufa a sana'a. Sau da yawa ma wanda ya yi suna ya fi jin sa, don shi ne ke da abin da zai zube. Shi ya sa duk inda ka je a duniya, in dai akwai fage, za ka tarar 'yan wasa sun nemi abin riƙewa. Wani addu'a, wani laya, wani kuma wata 'yar al'ada ce da shi kansa zai yi dariya in ka tambaye shi dalilinta, amma ko kusa ba zai bar ta ba.

A ƙasar nan wasa bai fara da dandamali da fitilar lantarki ba. Fagenmu na asali shi ne filin dambe da kaka, bayan an kai amfanin gona gida. Shi ne ƙofar fada ranar hawan salla, da bakin kasuwa ranar Talata a Mafara, da kalankuwa inda samari ke naɗa nasu sarki da alƙali da dogarai su kwaikwayi mulkin gari, da tashe daga goma ga watan azumi. A nan ya kamata mu fara dubawa, kuma babu inda abin ya fi fitowa fili kamar wurin ɗan dambe.

Tsaya ka kalle shi kafin a fara. Da farko akwai naɗin hannu, kuma ba kowa yake yarda ya naɗa masa ba. Wani sai ubangidansa, wani sai yaronsa guda da ya amince da shi. Akwai mai zare ɗaya shekara da shekaru, ya yi baƙi ƙirin, ya sha gumi da ƙasa, amma ka ce za ka saya masa sabo, to kun ɓata. A damtse ga kambu, a ƙugu ga guru, a wuya ga laya. Ka duba hannun da yake kisa da shi, za ka ga tabon tsaga inda aka shafa magani. Ana maganar sagau, wanda aka ce yana sage hannun abokin karawa ya kasa ɗagawa. Ana maganar maganin kwarjini, don abokin karawa ya karaya tun daga haɗa ido. Ga kuma dokokin da aka kafa masa: kada ya ci abu kaza, kada ya kusanci iyali daren jajibirin wasa, kada wani ya ƙetare masa kayan wasa, kada ya shiga fage ta inda kowa ke shiga. Ka tambaye shi, sai ya shafa ta ya ce maka, "Wagga laya ta kakana ta." Maganar ta ƙare ke nan.

Sai makaɗi ya saki takensa da kalangu. Mutumin da ke zaune shiru ɗazu sai ya miƙe yana tsuma, ya ɗaga hannu yana kirari, ya zagaya fage, ya je gaban makaɗi ya rusuna, ya gaida manyan 'yan dambe da suka ajiye zare. Duk wanda ya saurari waƙoƙin Muhammadu Bawa Ɗan'anace, musamman waɗanda ya yi wa Shago, ya san yadda makaɗi ke ɗaukar mutum ya kambama shi har ya zama abin tsoro, ana ambatonsa tare da mutuwa da lahira. Ni a ganina, rabin aikin da ake jingina wa laya, kalangun nan ne ke yin sa. Mutumin da aka kira sunan ubansa da na kakansa a gaban garinsu, aka tuna masa mazajen da ya kayar, ba shi da sauran wurin ajiye tsoro.

Amma ga tambayar da ba a cika son yi ba. Su biyu suka shiga, kowa ya sha, kowa ya yi wanka, kowa ya ɗaura. Ɗaya ne zai kai ƙasa. Wanda ya faɗi kuwa ba ka taɓa jin ya ce laya ƙarya ce. Cewa zai yi ta wancan ta fi tasa tsufa, ko an karya masa tun a hanya, ko kuwa shi ne ya saɓa wata doka bai sani ba. Gobe da sassafe yana ƙofar mai magani da kuɗi a hannu, a ƙara masa wani. 'Yan dambe suna faɗuwa kullum, boka ne kaɗai ba a taɓa kayarwa ba. Haka abin yake a kokawar Nijar, wadda ake gasar takobi tun daga 1975, shekarar da Kantu na Maraɗi ya fara ɗaukarsa a Tawa. Mai kallon gasar a talabijin ya ga 'yan kokawa da layu rututu, da gorunan ruwan magani ana kwarara musu a ka. Dukansu sun zo da shiri, takobin kuwa guda ne.

'Yan tauri da gardawa da masu wasa da kura ko maciji, su nasu ba ɓoyayye ba ne, don maganin shi ne jarin wasan. Kiɗan Kassu Zurmi ya isa shaida a kan yadda ake zuga ma'abota ƙarfe. Ba zan daɗe a kansu ba, zan dai dawo kan ɓarnar da ke biyo baya.

Mu zo gida, wurin makaɗan fada, don a wannan fanni ƙasar Maradun ba ta bin bayan kowa. Alhaji Musa Ɗanƙwairo a ƙasar Bakura aka haife shi, ya tashi a gidan kiɗa a hannun mahaifinsa Usman Ɗankwanda, ya yi wa Sarkin Ƙayan Maradun kiɗa, ya yi wa 'Yandoton Tsafe, ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello, har Allah ya karɓi abinsa a 1991. Ga Sa'idu Faru, Malamin Waƙa, makaɗin Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo tun yana Talata Mafara, shekaru masu yawa kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Irin waɗannan mutane fagensu ya fi na ɗan dambe haɗari ta wata fuska. Ɗan dambe in ya faɗi zai tashi ya kaɗe ƙura. Makaɗin da ya yi tuntuɓen harshe a gaban sarki, ya kira sunan da bai kamata ba, ko ya tsallake wani kaka a jerin kakanni, yana iya rasa doki da riga da gindin zama gaba ɗaya.

Saboda haka gidajen kiɗa suna da nasu ka'idoji. Ba a ƙetare abin kiɗa. Ba a barin baƙo ya taɓa kotso ko taushi. Ana kai fata rana ko kusa da wuta kafin a fara. Mai waƙa yana gudun ruwan sanyi, yana neman zuma da citta da kanumfari. Baƙon makaɗi in ya sauka gari, yakan fara kai gaisuwa wurin sarkin makaɗan garin kafin ya buga komai. Ana buɗe baki da sunan Allah da salati ga Annabi. In ka zauna ka tsefe waɗannan ɗaya bayan ɗaya, za ka ga mafi yawansu ilimin sana'a ne da ladabi. Fatar da ta sha raɓa ba ta da amo, sai ta ji zafi take ɗamewa. Abin kiɗan da kowa ke ƙetarewa, wata rana za a taka shi. Makaɗin da ya shiga garin mutane bai gaida na gida ba, ya sayi gaba da kuɗinsa. Tsofaffi sun san yaro ba ya jin dogon bayani, sai suka taƙaita masa: "Kul, ba a yi." Yaro ya girma da "ba a yi", dalilin ya bi tsoho kabari, abin da ya saura sai a kira shi camfi.

Wasan kwaikwayo na dandamali kuwa, wanda ake rubutawa a haddace, makarantar boko ce ta kawo shi. Rupert East ya fitar da wasanni shida na Hausa a shekarun 1930, Malam Aminu Kano ya rubuta nasa yana sa ɗalibai su yi. Abin alfaharinmu a nan shi ne, cikin wasannin farko da Bahaushe ya rubuta aka buga akwai Wasan Marafa na Alhaji Abubakar Tunau, ɗan Mafara, a 1949. Kuma a kan tsabta da kiwon lafiya ya gina shi, wato yaƙi da jahilcin da ke sa a ɗora wa iska laifin cutar da ƙazanta ta kawo. Daga baya aka sami Shu'aibu Maƙarfi da Jatau Na Kyallu, da Mohammed Sada da Uwar Gulma, har aka zo zamanin rediyo da talabijin na su Samanja da Ƙasimu Yero da Karkuzu.

To shi ma wannan sabon fage bai tsira ba. Duk malamin Hausa da ya taɓa shirya wasa ranar ba da kyaututtuka ya san rabon matsayi shi ne wurin rigima. Sarki da attajiri kowa na so. Amma wa zai kwanta a matsayin gawa? Da ka kawo farin ƙyalle ka ce likkafani ne, ka ɗauko wani abu mai kama da makara, sai yara su fara ja da baya. Wanda ya yarda ma, gobe uwarsa za ta aiko a ce ba da ɗanta ba, kada a yi masa mugun fata. Haka makaho, haka kuturu, haka mahaukaci: ana tsoron abin da ka kwaikwaya ya manne maka. Wanda zai fito a boka ko ɗan bori yana tsoron kada ya kira sunayen iskoki da wasa su amsa da gaske, balle in an haɗa da garaya. Wannan tsoro daga tarbiyyarmu yake, mu da aka raina da cewa baki shi ke yanka wuya.

Sai dai akwai abu guda a nan da bai kamata a jefa shi kwandon camfi ba, shi ne ɗaurin aure da saki a cikin wasa. Akwai hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, mai nuna cewa aure da saki da kome ba a wasa da su. Malamai sun tattauna yadda hukuncin ya shafi mai kwaikwayo. Shawarata ga mai shirya wasa ita ce ya kauce wa kawo cikakkiyar siga da waliyyi da shaidu a kan dandamali, kada kuma ya sa miji ya furta saki ga wadda take matarsa ta gaskiya. Wannan tambaya ce ta fiƙihu, wurin malami ake kai ta.

Kada wani ya ce mu ne kawai, don ba mu waye ba. Ku zo mu leƙa Ingila, inda wasan dandamali ya yi ɗaruruwan shekaru. Akwai wasan Shekspiya mai suna Makbet, labarin wani jarumi da mayu uku suka yi wa bushara da sarauta, ya kashe sarkinsa ya hau gado. Har gobe 'yan wasan Landan da Niyok da yawa ba sa furta sunan wannan wasa a cikin gidan wasa, sai dai su ce wasan nan na Sikotlan. Wanda bakinsa ya suɓuce, sai a fitar da shi waje, ya juya sau uku, ya tofar da miyau, ya ƙwanƙwasa ƙofa a ba shi izinin dawowa. Mutane ne masu digiri, jama'a, ba 'yan ƙauye ba. In ka nemi hujja za su jero maka haɗurran da suka faru, har da na 10 ga Mayu 1849 a Niyok, ranar da rikici ya ɓarke tsakanin magoya bayan Edwin Forrest Ba'amurke da na William Macready na Ingila, waɗanda kowannensu ke fitowa a Makbet, sojoji suka buɗe wuta, mutum fiye da 20 suka mutu. Amma wannan rikici gaba ce ta talakawan birni da masu kuɗi, da ƙyamar da ake yi wa Ingila a lokacin. Sauran haɗurran kuma, wasa ne mai yawan faɗa da takubba a cikin duhu, an kuwa yi shi sau dubbai cikin shekara 400. Ina mamaki in wani ya yanke?

'Yan wasan nan kuma ba sa yin fito a bayan dandamali, yadda mu ma aka hana mu fito da dare wai yana kiran aljanu. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne, a da ma'aikatan jirgin ruwa ake ɗauka su riƙa jan igiyoyin labule da kayan ado, su kuwa da fito suke yi wa juna ishara. Ka yi fito ba a kan lokaci ba, wani ya saki igiya, katako ya sauko maka a ka. Suna barin fitila ɗaya a kunne a kan dandamali in an tashi, wai don fatalwa, alhali tana hana mai gadi faɗawa rami. Ba sa yi wa mai shiga fatan sa'a kai tsaye, sai su ce ya karya ƙafa, irin yadda uwa a wurinmu ke ƙin a yaba ƙibar jaririnta don tsoron kambun baka. A Faransa ana gudun koren tufafi, ana danganta abin da Moliya, babban marubucinsu, wanda ciwo ya kama a kan dandamali ranar 17 ga Fabrairu 1673, yana tsakiyar fitowa a matsayin mai ciwon ƙarya, ya cika a daren. Maƙwabtanmu Yarbawa 'yan wasan Alarinjo ba sa farawa sai sun yi ijuba, wato gaisuwa ga magabata da masu gari. A Indiya kuwa, masu finafinan da muke kallo, sai an zaɓi sa'a an fasa kwakwa kafin a ɗauki hoton farko.

Me ya sa abin ya game duniya haka? Wani masanin al'adu, Malinowski, ya zauna da masuntan tsibiran Turobiriyan a shekarun yaƙin duniya na farko. Ya lura cewa in za su kamun kifi a ruwan da ke kwance kusa da gaɓa, inda kamu tabbas ne kuma babu haɗari, ba sa wani tsafi. Amma in za su shiga tsakiyar teku, sai tsafe-tsafe su tashi. Wato gwargwadon rashin tabbas, gwargwadon camfi. Fage kuwa gidan rashin tabbas ne. Kafinta in ya kuskure zai cire ƙusa ya sake bugawa. Ɗan wasa ba shi da wannan dama, abin da ya fita ya fita, ga mutane suna kallo.

A 2016 wasu masu bincike ƙarƙashin Alison Wood Brooks ta Jami'ar Harvard sun gwada abin. Suka ce wa mutane za su yi waƙa a gaban baƙo. Wasu aka sa su yi wata 'yar al'ada da masu binciken suka ƙirƙira: ka zana yadda kake ji a takarda, ka barbaɗa mata gishiri, ka ƙirga zuwa biyar, ka dunƙule ta ka jefar. Masu binciken suka ce waɗanda suka yi haka bugun zuciyarsu ya sauka, kuma sun fi sauran rera waƙar daidai, sai dai daga baya an janye wannan bincike. Babu aljani a gishirin nan, babu wanda ya yi masa tofi. Ni a ganina, in irin wannan al'ada ta yi aiki, to hankali ne ya sami wani aiki mai tsari ya kama, ya bar zullumi. Kamar manomi ne da ke tofa miyau a tafin hannu kafin ya kama hauya: miyau ba ya yin kunya ko ɗaya, amma jiki ya ji cewa aiki ya fara.

To sai wani ya ce, tun da yana kwantar da hankali, a bar kowa da layarsa mana. A nan ne ban yarda ba.

Mu Musulmi ne, kuma wannan yanki ba baƙon wa'azi ba ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara 5 yana karantarwa a ƙasar Zamfara tun kafin jihadi, Faru ma na cikin wuraren da ya zauna, kuma cakuɗa addini da tsafi na cikin manyan abubuwan da ya yaƙa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana camfa tsuntsu ko wata ko rana, ya kuma so kyakkyawan fata. Malamai sun saɓa a kan layar da aka rubuta da ayoyin Alƙur'ani zalla, amma ba su saɓa ba a kan wadda aka haɗa da yanka wa iska, ko sunayen da ba a san ma'anarsu ba. Wannan ke nan ta fuskar addini, na bar wa masu shi su ƙarasa.

Ta fuskar sana'a ma asara ce. Wanda ya rataya ƙarfin zuciyarsa a jikin laya, ranar da ya manta ta a aljihun wata riga, an kayar da shi tun kafin a buga take. Sa'an nan ga zargi. Mawaƙi ya kwana yana waƙa cikin ƙurar hunturu, ya sha ruwan ƙanƙara, murya ta dushe, sai ka ji ya ce, "An ɗaure man murya." Wa ya ɗaure? Sai a duba wanda aka yi gasa da shi, ko ɗan amshin da ya fara tashe. Ƙungiyoyi nawa suka watse a kan irin wannan zato, zumunci nawa ya yanke? Ga kuɗin da ya kamata a sayi fata ko kayan wasa da su, sun tafi wurin baƙin bunsuru da jan zakara. Mafi muni shi ne maganin ƙarfe da na bindiga. Kowa a cikinmu ya taɓa jin labarin wanda aka ce a gwada a jikinsa, aka gwada, aka yi jana'iza. A yankin da ke fama da rashin tsaro irin namu, sayar wa matashi tabbacin cewa harsashi ba ya cin sa ba wasa ba ne, kisan kai ne da hannun wani.

Asirin da na yarda da shi a fage shi ne gwaji. Ka kunna kowace waƙar Ɗanƙwairo ka kasa kunne ga 'yan amshi kawai. Ji yadda suke karɓe magana daga bakinsa tun bai sauke ba, su ƙara mata, su mayar masa, muryoyi da yawa su tashi tare su sauka tare, kotso yana bi ba ya gaba ba ya baya. Wannan babu kasuwar da ake sayar da shi. Zama ne na dare da rana, ana ƙulla waƙa ana warwarewa, ana maimaita ɗa guda har sai ya zauna a bakin kowa, kuma da yawansu tun suna yara suke tare. Mutane sun fi son su ce wane yana da aljanu, yadda aka riƙa faɗa a kan Mamman Shata, don labarin aljani ya fi daɗin ji a majalisa. Ni kuwa ina ganin rage wa mutum daraja ne a ɗauki wahalar shekara 50 a miƙa wa aljani.

Amma ina da magana da ɗaya ɓangaren ma, wato matasanmu masu zafin wa'azi da suke yi wa komai kuɗin goro. Gaida manya kafin a shiga fage ba shirka ba ne. Gasa fata ba tsafi ba ne. 'Yan wasa su taru a bayan labule su yi shiru na ɗan lokaci, su yi addu'a, babba ya dafa kafaɗar ƙarami, wannan ai abin so ne. Muna ma da abin da ya fi gishirin Harvard nesa ba kusa ba. A cikin Suratu Ɗaha, da aka aiki Annabi Musa wurin Fir'auna, ya roƙi Allah ya buɗa masa ƙirji, ya sauƙaƙa masa al'amari, ya kwance masa ƙullin harshe don a fahimci maganarsa. Wace addu'a ta fi wannan dacewa da mai shirin tsayawa gaban jama'a? Ɗalibai da yawa suna karanta ta kafin muhawara ko jarrabawa, kuma ba a biyan ko sisi.

Abin dariya a nan shi ne, babu wanda ya kai ɗan wasan Hausa tona asirin boka. Yaran tashe sun daɗe suna yin Jatau Mai Magani, yaro ya rataya tarkacen saiwoyi yana jero cututtukan da yake warkarwa, gida ya kwashe da dariya. Tun daga Turmin Danya a 1990, da wuya ka ƙirga finafinan Hausa goma ba ka ga boka da jan ƙyalle da ƙwarya da babbakar dariya ba, kuma kusan kullum ƙarshensa kunya. Marigayi Rabilu Musa Ibro ya sha ba mu dariya da irin waɗannan 'yan damfara. To ina amfanin ka yi wa boka dariya da rana a gaban jama'a, da dare ka tuɓe takalmi a ƙofarsa kana neman farin jini?

Yau fagen ya ƙuntata. Bayan ƙaddamar da Shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, wasanni irin su bori sun ja da baya daga bainar jama'a. Sai kuma rashin tsaro ya zo ya hana abin da ba wanda ya haramta: kiɗan dare, tafiya dambe gari zuwa gari, kalankuwar ƙauye. Kun tuna a 2021 har kasuwannin mako aka rufe, aka katse layukan waya. Tsofaffin da suka san dalilin kowace ka'ida suna ta tafiya, wasunsu ma suna zaman gudun hijira a garuruwan da ba a san ko su wane ne ba. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da Farfesa Aliyu Muhammad Bunza sun tattara abu mai yawa a kan makaɗa da magungunan Hausawa, amma abin da ke cikin kawunan 'yan amshi da masu naɗa wa 'yan dambe hannu bai ƙare ba.

Don haka kirana ga ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara, da na Kwalejin Ilimi ta Maru, da malaman Hausa na makarantun sakandarenmu: wayar da ke hannunku tana ɗaukar murya. Ku nemi tsohon ɗan amshi ko tsohon ɗan dambe a unguwarku, ku kai masa goro, ku zauna ku tambaye shi abin da suke yi kafin su fita, ku kuma tambaye shi dalili, ku rubuta har da wanda ba ku yarda da shi ba. Ku kuma shugabannin ƙungiyoyin wasan kwaikwayo, kuɗin da za a kai wa mai magani a sayi lemo da burodi a ƙara kwana uku ana gwaji, yaron da zai kwanta a matsayin gawa kuma a je a yi wa mahaifiyarsa bayani tun da wuri.